Ƙafa Uku da Inci Shida: Waiwaye a Kan Dogon Sudan

Kowane irin mutum da abin da yakan fara dubawa idan ya sauka baƙuwar ƙasa. Ɗan kasuwa yakan tambayi farashin kaya, malami ya nemi inda ake sayar da littattafai, mai kula da ciki kuwa ya leƙa tukunyar mutanen gari. Mu da Allah ya jarrabe mu da son jirgin ƙasa tasha muke nufa, kuma a tashar ma kafin mu ɗaga kai mu dubi taragu, ƙasa muke fara kallo, mu auna da ido tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo guda biyu. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗauka rashin aikin yi ne, alhali kuwa wannan 'yar tazara takan faɗi wanda ya shimfiɗa dogon, da abin da ya sa ya shimfiɗa shi, da inda ya so ya kai shi.

A Masar tazarar milimita 1,435 ce, irin ta Ingila da yawancin ƙasashen Turai. Da zarar an shiga Sudan sai ta tsuke ta koma milimita 1,067, wato ƙafa 3 da inci 6. Wannan kuwa ita ce daidai wa daida tazarar tsohon dogonmu na Nijeriya, wanda ya taso daga Ikko ya bi ta Ibadan da Jebba da Zariya ya dire Kano. Ma'ana, da za a ɗauki tarago daga Kano a aza shi a kan dogon Sudan, ƙafafunsa za su zauna daram, amma na Alƙahira da ke maƙwabtaka ba zai hau ba.

A shekarar 2017 na shiga jirgin ƙasa daga Hartum zuwa Atbara, garin da ya zama cibiyar reluwe ta Sudan. Abin da na gani a hanya shi ya mayar da ni ga littattafan tarihi, a cikinsu kuma na tarar cewa dangantakar dogonsu da namu ta wuce ta awo. Wannan maƙala za ta bi sawun dangantakar, tare da duba hannayen da dogon ya bi ta cikinsu tun daga ranar da aka shimfiɗa shi.

Baka da Tsirkiya

Khidiwi Isma'il na Masar ne ya fara shimfiɗa dogo a Sudan a 1875, daga Wadi Halfa, yana bin gaɓar Kogin Nilu da shi. Bai wuce kilomita 50 da 'yan kai ba kuɗi suka yanke. Daga nan sai zamanin Mahadi ya zo. Muhammadu Ahmad ya bayyana da'awarsa a 1881, a watan Janairu na 1885 kuma mabiyansa, wato Ansar, suka ci Hartum suka kashe Janar Gordon. Rundunar da Ingila ta aiko don ta cece shi ta ɓata watanni tana jan kwale-kwale a kan duwatsun Nilu, har 'yan gabanta ba su hango Hartum ba sai bayan kwana biyu da faɗuwar garin. Akwai wani hafsa a cikin wannan tafiya mai suna Herbert Kitchener. Shi ne bayan shekara goma sha ɗaya, yana babban kwamandan sojan Masar, aka ɗora wa aikin sake cin Sudan, kuma bai manta da abin da kogi ya yi musu ba.

Idan mai karatu ya dubi taswira zai ga cewa tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad kogin ya yi wata doguwar lanƙwasa zuwa yamma, ta wajen Dungula, tamkar baka. A cikin lanƙwasar akwai wurare masu duwatsu da gurguzun ruwa, waɗanda Larabawa ke kira shallal, inda jirgin ruwa ba ya wucewa sai da wahala. Kitchener ya yanke shawarar barin bakan ya bi tsirkiya, wato ya ratsa Hamadar Nuba kai tsaye, tafiyar kimanin mil 230 wadda babu gari, babu inuwa. Abin da ya ƙara wa shawarar ganganci shi ne, a ranar 1 ga Janairu 1897 da aka fara aikin, Abu Hamad da ake nufa tana hannun Ansar. Ba a ƙwace ta ba sai a watan Agusta, lokacin dogo ya riga ya yi nisa cikin rairayi. Wanda aka damƙa wa aikin wani laftana ne ɗan Kanada mai suna Percy Girouard, haifaffen Montreal, wanda a ranar bai cika shekara 30 ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan suna.

Babban abokin gabar Girouard ƙishirwa ce. Kan jirgi na wancan zamani da kwal da tururi yake aiki, kuma ba ya motsi sai tukunyarsa ta sha ruwa. Saboda haka duk jirgin da zai bar Wadi Halfa dole ya ɗauki ruwan da shi kansa zai sha zuwa da dawowa, ya ɗauki na leburorin da ke bakin aiki, sannan abin da ya rage na taragu a loda masa ƙarfe da katako da abinci. Duk mil ɗin da dogo ya ƙaru, sai taragun ruwa su ƙaru, na ƙarfe su ragu. Da an ci gaba a haka, da an kai wani wuri da jirgi ba zai ɗauki komai ba sai ruwan shansa. Abin da ya warware ƙullin shi ne rijiyoyi biyu da aka haƙa aka dace da ruwa, ɗaya a mil na 77, ɗaya a mil na 126. Tashoshin da ke kan wannan hanya ma ba su sami suna ba, domin babu ko ƙauyen da za a ara masa. Lamba aka bi aka ba su, Tasha ta Ɗaya, Tasha ta Biyu, har zuwa ta Goma. Waɗanda suka yi haƙa da ɗaukar ƙarfe a cikin wannan zafi kuwa talakawan Masar ne da aka ɗebo aikin soja, da fursunoni, har da kamammun yaƙi daga cikin Ansar ɗin kansu.

A kan tazarar ƙafa 3 da inci 6 Kitchener ya tsaya, irin wadda ake shimfiɗawa a kudancin Afirka, inda Cecil Rhodes yake mafarkin dogo guda daga Birnin Kef har Alƙahira. Rhodes ɗin ma ya taimaka masa da kawunan jirgi. Dogo ya isa Abu Hamad a ƙarshen Oktoba 1897, ya isa mahaɗar Kogin Atbara da Nilu a watan Yuli 1898. A kansa aka ɗauko soja da igwa da harsashi, har da jiragen ruwan yaƙi da aka kawo gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a bakin kogi. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Malik, na gan shi a 2017 a ajiye kan tudu a gaɓar Shuɗin Nilu cikin Hartum.

Ranar 2 ga Satumba 1898 aka yi karon Karari, a arewa da Umdurman. Rundunar Halifa Abdullahi, wadda ta haura mutum 50,000, mafi yawansu da takubba da masu, ta tunkari igwa da bindigogi masu ruwa a fili fetal. Kafin azahar an kashe musu sama da mutum 10,000. A ɗaya ɓangaren waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Winston Churchill, wanda yana saurayi ya halarci yaƙin, ya ware babi sukutum a littafinsa The River War na 1899 don wannan dogo, ra'ayinsa kuwa shi ne tun a aikin dogon aka gama da Halifa, kafin a harba ko harsashi ɗaya a Karari. A nan dai ban ga abin musu ba. Mai son jirgin ƙasa da ke jinjina wa gwanintar Girouard, kamar yadda nake jinjina mata, wajibi ne ya san abin da taragun farko suka ɗauko.

Daga Wadi Halfa Zuwa Baro

Bayan Sudan, Girouard ya riƙe reluwe ta Masar, ya kuma riƙe ta Afirka ta Kudu a lokacin yaƙin Turawan Ingila da Bowa. A 1907 sai ga shi a Zungeru, an naɗa shi magajin Gwamna Lugga a Jihar Arewa. Ƙaramin ministan da ke Ofishin Mulkin Mallaka a Landan a wannan lokaci kuwa ba kowa ba ne illa Churchill. Shekara huɗu ke nan da faɗuwar Kano da Sakkwato, shekara guda da tashin Satiru, kuma abin da aka turo Girouard ya yi sananne ne: ya fitar da dogo daga Baro, inda jiragen ruwa ke iya kaiwa a Kogin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil 356. Bai zauna ya ga ƙarshen aikin ba, don a 1909 an mayar da shi Afirka ta Gabas, amma tsarinsa aka bi har ƙarfe ya taɓa Kano a watan Maris 1911.

Kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Dogon Ikko, wanda ya isa Ibadan a 1901, tun asali a kan ƙafa 3 da inci 6 aka fara shi, domin ita ce tazarar da Ingila ta fi so wa ƙasashen da ta mallaka a Afirka: ƙarfenta bai kai nauyin na babbar tazara ba, tana jure kwana mai tsauri, ga araha. Abin da Girouard ya zo da shi daga hamada salon aiki ne, wato a yi sauri, a kashe kuɗi kaɗan, gwamnati ta yi da hannunta ba tare da 'yan kwangila ba. Arahar kuwa a wuyan talaka ta faɗa, domin ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗebo mutanen Nupe da Gwari da Zazzau zuwa aikin tilas. Masu masaƙun Ingila auduga suka sa rai dogon zai kwaso musu. Manoman Kano da fatakenta suka dubi farashi suka zaɓi gyaɗa, abin da ya haifi dalar gyaɗar da muke tinƙaho da ita a hotuna.

A Cikin Tarago

Jirgin da na shiga shi ne wanda suke kira Jirgin Nilu, ƙirar ƙasar Sin, wanda ya fara aiki a 2014. Daga tashar Bahri ya tashi, wato Hartum ta Arewa, a daidai yankin da dogon soja ya tsaya a ranar ƙarshe ta shekarar 1899. Sabon jirgi ne mai na'urar sanyaya ɗaki, amma a kan tsohuwar hanya yake tafiya, don haka kilomita 300 da 'yan kai suka ci mana kusan yini guda. Ni dai ban ƙosa ba. Ta tagar hagu akwai kore, gonakin albasa da dabino da ke bin kogi, ta tagar dama kuwa tsakuwa da ƙaya iyakar ganin ido.

Babbar tasha a tsakiyar hanya ita ce Shandi, tsohuwar kasuwar ayari. A nan ne a 1822 Mak Nimir, sarkin Ja'aliyyin, ya cinna wa masaukin Isma'il, ɗan Muhammadu Ali Basha na Masar, wuta, saboda harajin wulaƙanci da ya ɗora masa. Matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya sauka garin a 1814, ya kuma ba da labarin mahajjata baƙaƙe daga yamma da ke ratsa wannan yanki a ƙasa, waɗanda ake kira Takarir. Gaba da Shandi, kusa da Kabushiya, dogo yana ratsa kufan Marawi ta daular Kush, birnin da ya shahara da narkar da tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Tarin kashin maƙera da suka bari ya zama tuddai, kuma injiniyoyin Kitchener da suka iso wurin ba su kauce ba, sai suka tsaga ɗaya daga cikin tuddan suka wuce da ƙarfensu ta tsakiya. Dalolin sarakunan suna can gabas kaɗan a kan tudun rairayi.

Bayan mun bar Shandi ne wani dattijo da ke kujerar gabana, wanda ya ji na amsa waya da Hausa, ya juyo ya ce, "Ɗana, daga gida kake?" Na ce, "Daga gida nake, Baba." Ya ce shi a Wad Madani aka haife shi, haka ma mahaifinsa, kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗejiya da niyyar Hajji. Hausarsa garau take, sai dai jirgi a bakinsa gatar ne, tasha kuma mahatta. Na ce, "To Baba, ai kun zama 'yan ƙasa." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, mu dai har yanzu muna kan hanya."

Giɓin da Aka Cike da Ƙafa

Maganar dattijon tana da tushe a tarihin dogon. Bayan an ci Sudan, gwamnatin Turawa ta juya dogon soja ya zama na kasuwanci. A 1906 aka buɗe layin da ya haɗa Atbara da Bahar Maliya, aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, wadda ta kashe kasuwar tsohon birnin Sawakin. Aka gina gada a kan Shuɗin Nilu, dogo ya gangara kudu ta Wad Madani zuwa Sinnar, ya juya yamma ya ƙetare Farin Nilu a Kusti, ya isa Al'ubayyid ta Kurdufan a ƙarshen 1911. Mai karatu ya lura da shekarar. A shekara guda ƙarfe ya taɓa Kano ya kuma taɓa Al'ubayyid, tazara iri ɗaya, masu mulki iri ɗaya, amma tsakaninsu akwai sama da kilomita 2,300 da babu ko taku ɗaya na dogo, wani ɓangarensu kuma a hannun Faransa.

Wannan giɓi shi kakanninmu suka riƙa cikewa da ƙafa da jaki da takarkari, daga baya da manyan motoci: daga Kano zuwa Maiduguri, a ƙetara zuwa Fallomi, a bi ta Abashe da Adire, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, har a kai Al'ubayyid. A nan ne mahajjaci yake fara ganin jirgin da zai iya kai shi bakin teku cikin 'yan kwanaki, idan yana da kuɗin tikiti. Yawanci kuwa guzuri ya riga ya ƙare. Sai aka yi katari da cewa a 1925 an gama madatsar ruwa ta Sinnar, an buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, wanda ke neman hannu ido rufe. Mahajjata suka tsaya tsinkar auduga don su tara na jirgi da na ƙetara teku. Wani shekara biyu ta ishe shi, wani goma, wani kuma sai jikokinsa ne suka ga Ka'aba. Masanin nan ɗan Gana, C. Bawa Yamba, ya yi littafi guda a 1995 a kan waɗannan mutane da ke kiran kansu matafiya alhali an haifi iyayensu a inda suke.

Akwai waɗanda suka riga su sauka, kuma ba neman guzuri ya tsayar da su ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka ci gaba da hijira gabas, har suka kafa garin da ake kira da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Sun bar gida don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, suka tarar Nasaran ya riga su isa, kuma ba a daɗe ba jirginsa ya fara kuka a kusa da gonakinsu.

A matsayina na mai koyar da adabi, abin da ke damuna shi ne wannan doguwar hanya ba ta sami rabonta a rubutaccen adabinmu ba. Ɗalibanmu sun san Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Abubakar Imam Ingila a 1943, amma tafiyar da dubban talakawa suka yi zuwa gabas ta tsaya a bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna ƙarewa. Giɓin ma bai rufe ba. Dogon Sudan ya matso yamma ya isa Niyala a 1959, namu ya matsa gabas ya isa Maiduguri a 1964, ya rage kimanin kilomita 1,300 a miƙe. A nan kowa ya tsaya. Ƙasar Cadi da ke tsakani har yau ba ta da layin dogo, jirgin sama kuma ya riga ya ɗauke mahajjata.

Birnin Ƙarfe da Wuta

Da wannan kirari mutanen Sudan suka san Atbara. Jirgi yana wuce Damar, garin malamai, sai ya hau gadar Kogin Atbara ya shiga garin. Gadar farko a nan wani kamfanin Amurka ne ya ƙera ta a 1899, abin da ya ƙona ran maƙeran Ingila. Kafin dogo wurin sansanin soja ne kawai. Da aka haɗa shi da teku sai hedkwatar reluwe da manyan ɗakunan gyaran jirage suka dawo nan, aka yanka gari irin na Turawan mulki: manyan gidaje masu lambu a bakin kogi don Turawa, matsakaita don Misirawa da sauran baƙi, 'yan ƙasa kuma can baya. Duk wanda ya san unguwannin reluwe na Zariya ko Kafancan ko Ebute Meta ba zai yi baƙunta ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawan kekuna, domin tun zamanin da jiniyar ma'aikata ke tashin gari da asuba, keke ne dokin mutumin Atbara.

A wannan gari ne dogo ya juya wa masu shi baya. Dalilin kuwa a cikin yanayin aikin yake. Reluwe ta tara Banube da Bashaigiye da Baja'ale da mutumin kudu a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin agogo ɗaya da albashi ɗaya, ta koya musu karatu da sana'a don ta more su. Ta ja wayar tangarahu a gefen dogo, wadda kamar yadda take kai umarnin manaja haka take iya kai labarin yaji. Uwa uba, audugar Jazira, wadda ita ce jinin gwamnati, ba ta da hanyar zuwa teku sai wannan dogo. A 1946 ma'aikatan suka kafa ƙungiyar kula da al'amuransu. Da hukuma ta ƙi amincewa da ita, suka yi jerin gwano a watan Yuli 1947, 'yan sanda suka far musu, aka kama shugabanni, jirage suka tsaya cik a faɗin ƙasar har sai da aka amince. A 1948 suka sake yin wani yajin na kwana 33 a kan albashi. Dokar da ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago a Sudan bayan wannan ta zo. Mu ma a nan, ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu su ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945.

Gwamnatocin da suka gaji Turawa bayan 1956 sun gaji har da tsoron Atbara. Shafi'u Ahmad Shaikh, wanda ya tashi a ɗakunan gyaran jirage na garin har ya zama babban sakataren tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago, Ja'afar Numairi ya rataye shi a watan Yuli 1971, bayan juyin mulkin da bai yi nasara ba. A 1981 Numairi ya murƙushe wani yajin ya rushe ƙungiyar ma'aikatan reluwe. Shekara guda kafin nan an gama titin mota daga Hartum zuwa Bur Sudan, kaya suka fara komawa kan manyan motoci. Gwamnatin Umar Albashir da ta zo a 1989 ta sallami dubban ma'aikata, takunkumin Amurka na 1997 kuma ya toshe hanyar samun kayan gyaran kawunan jirgi ƙirar can. Akan ce titi da mota ne suka kashe reluwe a Afirka, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a Sudan ina tare da masu ganin cewa mahukunta sun gwammace jirgi ya mutu da a ce ƙungiyarsa ta rayu, domin direbobin manyan motoci a warwatse suke, ba su da jiniyar da za ta tara su. A bayan ɗakunan gyara na ga kawunan jirgi jere, na kwal da na dizal, rairayi ya binne ƙafafunsu.

Ita ma Wadi Halfa, inda aka aza ƙarfen farko, ba ta tsira ba. Tafkin madatsar Aswan ya haɗiye tsohon garin, kuma a 1964 jirgin ƙasa ne ya kwashe mutanensa, kimanin 50,000 tare da na ƙauyukan kewaye, ya ratsa da su ta tashoshin nan masu lamba zuwa sabon matsuguni a Khashmul Girba, can gabashin ƙasar.

Shekara guda da 'yan watanni bayan tafiyata, ranar 19 ga Disamba 2018, mutanen Atbara suka fito kan titi saboda farashin burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, suka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki. Wutar ta bazu har ta ci kujerar Albashir ranar 11 ga Afrilu 2019. Bayan kwana goma sha biyu, jirgi ya taso daga Atbara maƙil da jama'a, ciki da kan rufi, suna kaɗa tutoci, ya bi hanyar da Kitchener ya bi da igwa, ya shiga Hartum don ƙarfafa masu zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja. An sake irin wannan tafiya ranar 17 ga Agusta, ranar da soja da farar hula suka sa hannu a kan yarjejeniyar raba mulki.

Yarjejeniyar ba ta yi tsawon rai ba. Soja suka ture ta a watan Oktoba 2021, ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan ƙasa da Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa. Bahri, inda na sayi tikiti, ta zama fagen daga. Wad Madani, garin dattijon nan, ta faɗa hannun dakarun a watan Disamba 2023, soja ba su karɓe ta ba sai a Janairu 2025. A can yamma kuwa, tun daga tsakiyar 2023, dubun dubatar mutanen Janaina suka kama tsohuwar hanyar mahajjata, wannan karon suna fuskantar faɗuwar rana, suka taka kimanin kilomita 30 a ƙasa zuwa Adire, da yara a goye da tabarmi a ka.